Yatsun Ɗan Kawu

Ni ba mai haƙurin jira ba ce. Ko tuwo na ɗora, sai na buɗe tukunya tun bai silala ba. Amma shekarar da Yaya ya sare wa ɗan kawunmu yatsu biyu, daga kaka har bazara babu abin da na yi sai jira. Abin da ake jira ɗin kuwa rauni ne a hannun wani.

A lokacin aurena na fari ya mutu, na dawo gidanmu a Kwandiko, ni da Inna da Yaya. Babanmu ya riga ya rasu. Malami ne, kuma bai tsaya da ni a kan allo ba, ya zaunar da ni bayan manyan ɗalibansa na ji fikihu har babin jini da raunuka. Na ɗauka karatu ne kawai, irin wanda ake yi a shafa fatiha a tashi.

Yaya da ɗan Kawu taubasai ne, kuma sa'o'in juna. Tun suna tsirara suke zagin juna, kowa yana cewa ɗayan bawansa ne. Ni ma ba ya ƙyale ni. In ya gan ni a bakin rijiya sai ya ce, "Baiwata, mijin ma ya gaji da ciyar da ke?" Ni kuma in ce masa zanen da yake saƙawa ko jaki aka lulluɓa wa sai ya yi kuka. Masaƙi ne in rani ya yi. Wasan taubasai ke nan, duk abin da aka faɗa ba a ɗauka.

Sai dai kafin kakar nan an yi wadda ba wasa ba. Yaya ya ari jakinsa ya kai kaya kasuwar Gwaram, ya dawo da shi da gyambo a baya. Suka yi cacar baki a gaban mutane, ba mai dariya. Daga nan ba su sake magana ba sai ranar gayyar girbin dawa a gonar Kawu.

Akwai wani abu da samari suke yi a gayya. Kowa da sahunsa, yana kama kara da hannu ɗaya yana sara da magirbi, makaɗi yana zuga su. Wanda ya riga taubashinsa sai ya miƙa hannu cikin sahun wancan ya kama masa kara, wai yana taimakon rago. Mai sahun kuma sai ya kai sara kusa da hannun, ya kore shi. A yi ihu, a yi dariya. Kowace shekara ana yi, ban taɓa jin ko farce ya fita ba.

Ni ban ga saran ba. Ina gindin kuka ina dama fura da sauran mata, sai na ji ganga ta yi shiru. Da na isa, ɗan Kawu yana zaune a ƙasa ya riƙe hannunsa na dama tsakanin gwiwoyinsa. Babban yatsa da manuni babu. Yaya yana tsaye da magirbi a hannu, ba wanda ya tuna ya karɓe shi. Wani dattijo ne ya tsinto yatsun cikin karmami, ya naɗe su a ganye, aka binne su a gefen gona. Aka kira wanzami, ya tafasa man shanu ya ƙona bakin raunin don jini ya tsaya. Furar nan a ƙwarya ta yi tsami, babu wanda ya sha.

Kashegari Kawu ya tafi Gwaram ya kai ƙara. Dogarai suka zo suka tafi da Yaya, aka sa masa mari a ƙafa a gidan sarkin gari.

Ranar da alƙalin Gwaram ya saurari maganar, ina tsugune a wajen zaure ina ji ta ƙofa. Ya ce in da fushi aka yi saran, ganganci ne, kuma hukuncinsa ƙisasi: a yanke wa Yaya yatsu biyu, waɗannan dai biyun, a wannan dai hannun, sai fa in mai raunin ya yafe. In kuwa cikin wasa ne, kuskure ne, diyya za a biya. Kawu ya ce to a yanke hukunci. Alƙali ya ce, "Ba yanzu ba. Ba a hukunta rauni yana ɗanye. Wa ya san inda zai tsaya? In ya ci hannu duka, maganar hannu za a yi. In ya ci rai, Allah ya kiyaye, maganar rai za a yi. Ku je, sai ya warke."

Na san wannan hukunci, na ji shi daga bakin Baba. Abin da ban ji ba a karatu shi ne wanda zai riƙa ciyar da ɗaurarre kafin raunin ya warke. Ashe ni ce.

Duk ranar kasuwa sai in ɗauki dambu da fura da ɗan gari in bi 'yan kasuwa zuwa Gwaram. Mace ba ta bin hanyar nan ita kaɗai, saboda mahara da ke saukowa daga duwatsun kudu, kuma dole a juyo da wuri kafin a rufe ƙofar ganuwa. Ƙafafuna suka yi faso. Dogarin da ke tsaron Yaya sai ya fara cin rabonsa tukuna, yana cewa, "Bazawara, yau gishiri ya yi kaɗan." Na gaji har na daina ba shi amsa, ni da ba a faɗa mini in yi shiru.

Zuwana na fari na tambayi Yaya kai tsaye.

"Fushi ne ko wasa?"

Ya dubi marin ƙafarsa.

"Yaya, da kai nake. In zan yi ta jigilar nan, gara in san abin da nake ɗauka."

"Na ɗaga hannu ina dariya," ya ce. "Wannan na tabbata. Abin da ya sauko da shi ne ban sani ba."

"Wannan ba amsa ba ce."

"Ita ke gare ni."

Na so in kwaɗa masa ƙwaryar a ka. Na zauna na ga yana cin dambu, yana dunƙula shi da babban yatsa da manuni, sai na kau da kai.

Inna kuwa ba ta je ko'ina ba. Ba ta je Gwaram ba, don Yaya ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle a ga ta damu da shi a gaban jama'a. In na dawo sai ta ce, "Yaron nan ya ci?" tana kallon murhu. Gidan Kawu kuma, da ke bayan masallaci, jifa ɗaya daga namu, nan ma ba ta taka ba. Ta ce kunya take ji. Ɗan da ta haifa ya nakasa ɗan ɗan'uwanta, da wace fuska za ta shiga? Ta dai aika da zuma, ta aika da kaza, ta zauna a ɗaki tana jan carbi. A ganinta haka mai mutunci yake yi. Ni ma, don ina fama da hanyar Gwaram, sai na bar abin haka.

Da sanyi ya shigo aka ce raunin ya yi ruwa. Ranar na shiga gidan Kawu ba wanda ya kira ni. Na same shi a zaure yana gyaran igiya. Na durƙusa na gaishe shi.

"Kin zo ganin aikinku?" ya ce.

"Na zo duba ɗan'uwana, Kawu."

"Uwarki fa? Ko ƙafarta ce aka sare?"

Na wuce ciki. Tun daga tsakar gida na ji warin. Ɗan Kawu yana kwance a tabarma, hannun ya kumbura har gwiwa, fatar tana sheƙi. Ya buɗe ido ya gan ni.

"A'a, baiwata. Sai yanzu? Zan sayar da ke."

"Wa zai saya daga hannun mai wari haka?"

Ya yi dariya, dariyar ta zame masa tari.

Daga ranar aikina ya zama biyu. Wanzami yakan zo ya tsaga kumburin ya matse mugunya, ya wanke da ruwan bagaruwa, ya shafa zuma. Ni ke danne kafaɗar, don matan gidan ba sa iya kallo. Kullum sai na duba inda jan kumburin ya kai. In ya haura sama, sai in tuna abin da alƙali ya ce game da rai. Gaskiya ban san wanda nake wa jinya ba, shi ko Yaya. Wani lokaci ina danne da kafaɗarsa yana nishi, ni kuwa lissafin wuyan ɗan'uwana nake yi. Ya sani. Wata rana ya ce, "Riƙe ni da kyau, kada in mutu in ja muku."

"To kada ka mutu mana. Na gaji."

Allah ya sa jan ya tsaya a gwiwar hannu, ya fara komawa baya. Kumburi ya saɓe. Amma mutumin sai ƙara ramewa yake yi, ƙasusuwan wuyansa duk a waje. Ina lura, sai na ga kunu kawai yake sha da ludayi. Tuwon da aka kawo haka ake ɗauke shi.

"Me ya hana ka cin tuwo?"

Ya ɗago hannun da ke naɗe da tsumma. "Da me zan yi loma?"

"Ga ɗaya hannun."

"Hagu? In ci da hannun da nake tsarki da shi, yara suna kallo?"

"To a rufe ƙofa."

"Na gwada. Ya ƙi wucewa."

Na ce bari in ba shi a baki. Ya ce Allah ya sawwaƙe baiwa ta ciyar da shi, gobe in bi gari ina faɗa. Can sai ya ce, ba da muryar wasa ba, "Gwaggo ba ta zo ba."

"Kunya take ji."

"Baba ya ce ba kunya ba ce. Ya ce da wasa ne da ta zo tun ranar. Ya ce ta san ɗanta da niyya ya yi, shi ya sa ta ɓuya." Ya juya fuskarsa bango. "Ita ta goye ni da uwata ta yi ciwon nono. Ko leƙe."

Sai a lokacin na gane abin da zaman Inna a ɗaki yake jawo mana. Ita tana can tana ganin ta kyauta, a nan kuwa an mai da rashin zuwanta shaida. Kowace rana ta ƙara ba ta zo ba, Kawu yana ƙara tabbata, kuma shi ke zaune a kan ɗansa safe da yamma yana cewa kada ya yafe.

Na koma gida a fusace. Na tarar da ita tana tankaɗe.

"Inna, tashi mu je."

"Ina?"

"Kin sani."

"Ke, ba na son rashin ta-ido. Da wane ido zan dube shi?"

"Da wanda kike duban garin nan. Inna, cewa suke kin san da gangan aka yi. Kunyarki za ta sa a yanke wa ɗanki yatsu."

Ta ajiye rariya. "Ni? Ni suke cewa haka?"

"Kawu da bakinsa."

"Ni da na yi wa ɗansa wankan kaciya?"

Ban taɓa yi wa Inna magana da irin wannan murya ba, kuma ban tsaya ba ta haƙuri ba. Na ɗauko mayafinta na ɗora mata a ka. Ta ce a bari ta gama tuwo tukuna, ba a zuwa dubiya hannu sake. Na tsaya a kanta har ta kwashe, ta kaɗa miyar kuka, ta zuba man shanu.

Da muka shiga ɗakin ba ta yi sallama da ƙarfi ba. Ta zauna a bakin tabarma, ta dubi hannun sau ɗaya, ba ta sake duba ba. Shi kuma ya ce, "Gwaggo." Ta jawo ƙwaryar ruwa ta wanke hannunta, ta gutsuri tuwo, ta mulmula, ta tsoma a miya, ta kai bakinsa. Ƙato da gemu ya buɗe baki kamar ɗan yaye. Ya ci malmala guda, ya ci rabin ta biyu. Kawu ya ɗaga asabari ya leƙo, ya ga ƙanwarsa, ya saki asabarin ya koma. Bai gaishe ta ba, ita ma ba ta ɗago ba.

Daga nan kullum da la'asar sai ta je. Ba ta taɓa roƙonsa ya yafe ba, ko sau ɗaya. Ni ce nake cizon leɓe ina so ta faɗa. Na ce mata, "Inna, ki yi masa maganar mana." Ta ce, "Tuwo na kai masa, ba ciniki ba."

Sai da zafin bazara ya kankama sannan wanzami ya ce raunin ya kame, ba abin da zai ƙaru, ba abin da zai ragu. Alƙalin Gwaram ya ce maganar yanka ta fi ƙarfin zaurensa, a tafi Birnin Kudu, in ma can aka tabbatar sai an ji daga Kano. Muka bi ayarin fatake, Yaya da igiya a ƙugu, ɗan Kawu a kan jakin nan da bayansa ya daɗe da warkewa. Inna ba ta zo ba. Ta ce wa zai kula da awaki.

Alƙalin Birnin Kudu tsoho ne mai ƙaramar murya, sai muhutinsa, wato mataimakinsa, ya maimaita abin da ya faɗa ake ji. Wannan karon ma a ƙofa na tsuguna. Aka kwance tsumma, aka duba hannun, wanzami ya faɗi abin da ya gani tun ranar farko. Aka kira shaidu. Makaɗin gayya ya ce ya ji Yaya yana dariya. Wani maƙwabci ya ce ya ga fuskarsa a murtuke, kuma yana nan ranar rigimar jaki. Aka tambayi Yaya. Na roƙi Allah ya sa Yaya ya ce wasa ne ya yi shiru. Sai ya maimaita musu abin da ya gaya mini, kalma da kalma. Na dafe kai.

Kawu ya miƙe ya ce, "Allah gafarta Malam, ka ji da bakinsa. Ƙisasi muke so."

Alƙali ya ce, "Hannunka ne?"

"Ɗana ne."

"Baligi ne, mai hankali. Haƙƙinsa ne, ba naka ba. Zauna." Ya juya ga ɗan Kawu. "Kai ka fi kowa kusa da shi. Me ka gani?"

Ni dai na san abin da nake so ya ce, kuma bai ce shi ba.

"Allah gafarta Malam, na ga idonsa. Fushi ne. Na san dariyarsa tun muna yara, wannan ba ita ba ce. Ni ma da na miƙa hannu cikin sahunsa ba don wasa na miƙa ba, don in ƙular da shi ne."

Alƙali ya gyara zama ya dube shi.

"To kana neman ƙisasi?"

"A'a. Na yafe yankan."

Kawu ya ce, "Kai!" Dogari ya daka masa tsawa.

"Don me?" alƙali ya tambaya. "Ba dole sai ka faɗa ba. Ina so dai in san ba tilasta ka aka yi ba."

"Ba wanda ya tilasta ni. Na san yadda ake zama gaban tuwo babu abin yin loma. In aka yanke nasa, Gwaggo ce za ta ciyar da mu mu biyu, ga ta ta tsufa. Shi kuma ba za ta iya ba shi a baki ba, ɗan fari ne. Yunwa za ta kashe shi."

Wani ya yi dariya a baya, ya haɗiye ta.

Alƙali ya ce yafe ƙisasi bai share laifi ba, tunda an tabbatar da fushi. Ya sa a yi wa Yaya bulala don horo, aka fita da shi bayan zaure aka yi. Na toshe kunnena, amma na ji. Sannan aka yi sulhu a kan abin da za a ba mai rauni: saniyar da Baba ya bar mana da ɗan maraƙinta, kuma Yaya zai riƙa nome masa gonarsa, tunda hannun ba ya riƙe fartanya, ba ya jefa ƙoshiyar saƙa. Aka shafa fatiha. Maƙeri ya zo ya cire marin.

Muka kama hanyar komawa. Kawu yana gaba shi kaɗai. Yaya yana tafiya a tattale, ƙafafunsa sun saba da ƙarfe, rigarsa ta manne da bayansa. Na yi tsammanin zan ji daɗi. Abin da na ji kawai shi ne ciwon faso da son in kwanta.

Da muka shiga gida Inna tana tsakar gida tana sussukar gero. Ta dubi hannun Yaya na dama, ta ƙirga da ido, ta ci gaba da sussuka. Ta ce da ni, "Ki ɗora wa yaron nan ruwan zafi." Na ɗora. Na gasa masa bayan, na shafa man kaɗanya, na shiga ɗaki na kwanta tun rana ba ta faɗi ba. An ce an tashe ni sallar magariba na ce a ƙyale ni.

Kawu bai sake shiga gidanmu ba. In suka haɗu da Inna a wajen suna ko biki, sukan gaisa kamar surukai.

Ruwan fari ya sauka ba da daɗewa ba. Yaya ya ɗauki sungumi ya tafi gonar ɗan Kawu kafin ya taɓa tamu, ni ina binsa da ƙwaryar iri ina zubawa ina takewa. Mai gonar ya zo da hantsi ya tsaya a gefe, hannunsa cikin aljihun riga.

"Sannu da aiki, Malam," ya ce da Yaya.

"Yauwa, sannu. Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi."

Na tsaya ina jira ko ɗayansu zai ƙara wani abu. Ya juyo gare ni ya ce, "Sannu, 'yar Gwaggo." Na ce masa irin ya kusa ƙarewa, ya aiko da wani. Ya ce to, ya tafi. Muka ci gaba da shuka.